Tsofaffin taswirorin kurmin Neja-Delta

Tsofaffin taswirorin Neja-Delta su ne zane-zanen da ke nuna tudu da kwari, da rafuka da kurmin gaɓar tekun kudancin Najeriya. Akasarinsu daga cikin jirgin ruwa ko na sama aka zana su, ba da ƙafa aka taka ƙasar ba.

Tarihi

'Yan Fotugal ne Turawan farko da suka zana gaɓar, wajen ƙarshen ƙarni na 15, kuma su suka raɗa wa rafuka sunaye irin su Forcados da Escravos. Bakin ruwa kaɗai suka sani. Fiye da shekara 300 Turawa na cinikin bayi, daga baya na manja, a waɗannan rafuka ba tare da tabbatar da cewa bakunan Kogin Kwara ba ne, sai a 1830 da Richard Lander da ƙanensa John suka gangaro daga Busa cikin kwalekwale har teku ta reshen Nun.

Ko bayan zuwan mulkin mallaka, wurin ya wahalar da safiyo, wato masu awon ƙasa. Awon wancan zamani yana bukatar tsaunuka masu hangen juna. A Jos, inda ƙasa ta kai kimanin mita 1,200 sama da teku, wannan ba abin nema ba ne, shi ya sa layukan da ke nuna tudu suke cunkushe a taswirarta. A Delta kuwa ƙasa shimfiɗe take, ga itatuwan ruwan gishiri masu saiwa a waje sun tare gani, ga laka. Sai bayan 1946, da Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, aka koma ɗaukar hoto daga sama, ko da yake gajimare yakan hana aiki a yawancin shekara. Daga hotunan aka fitar da taswirori masu ma'aunin 1:50,000, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Wurin da aka ɗauka a matsayin mafarin awon duka yana Minna.

Rikicin iyaka

A shari'ar Bakassi, yankin gaɓar teku da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa, an gabatar da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 da taswirori. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a 2002, hukuncin da har yau wasu ba su yarda da shi ba.

Amfani a yau

Ofishin Babban Safiyo na Tarayya da ke Abuja ne ya gaji aikin. Masu bincike kan gwada tsofaffin takardun da hotunan tauraron ɗan'adam don auna inda teku ta cinye gaɓa.