Ma'anar gasar besbol ta bazara ta ɗaliban jami'a

Besbol wasa ne da ake jefa ƙaramar ƙwallo, ɗan wasa ya buge ta da sanda. A Amurka, idan aka ce gasar besbol ta bazara, ana nufin wasannin da ɗaliban jami'a ke bugawa a lokacin dogon hutu, daga watan Yuni zuwa Agusta, wato daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina. Ƙungiyoyin na garuruwa ne, kuma kowace tana tattaro 'yan wasanta daga jami'o'i daban-daban. Ba a biyansu albashi, domin ɗalibin da ya karɓi kuɗi a matsayin ƙwararre yana iya rasa damar bugawa jami'arsa a ƙarƙashin dokokin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i. Shi ya sa mutanen gari ne ke saukar da su a gidajensu, su ba su ɗaki da abinci har kakar ta ƙare.

Wadda ta fi suna ita ce gasar Cape Cod, wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika a jihar Massachusetts. Ana danganta asalinta da shekarar 1885, amma sai a 1923 aka tsara ta da ƙungiyoyi huɗu: Falmouth, Chatham, Osterville da Hyannis. A 1963 NCAA ta amince da ita, ta zama ta ɗalibai, kuma tun 1988, da shigowar Bourne da Brewster, ƙungiyoyinta goma ne.

A ganina, abin da ya ɗaga darajarta shi ne sandar dukan ƙwallo. A jami'a da sandar ƙarfe ake wasa, wadda ba ta da nauyi, kuma ko ba a sami ƙwallon a daidai ba sai ta tafi da nisa. A babbar gasar ƙwararru ta MLB kuwa, sandar katako kaɗai aka yarda da ita, wadda ba ta rufa wa kowa asiri: idan ƙwallon ta bugi kusa da mariƙi, sandar na iya tsagewa a hannun mai ita. Cape Cod ta yi amfani da ƙarfe daga 1974, sannan ta koma katako a 1985. Daga nan masu farautar 'yan wasa suka riƙa cika kujerun da ke bayan mai cafke ƙwallo, riƙe da na'urar auna gudun jifa, don su ga wanda ƙarfe ke ɓoye wa rauni. Cikin waɗanda suka bi ta gasar kafin su shahara a MLB akwai Frank Thomas, wanda ya buga wa ƙungiyar Orleans a 1988, da Aaron Judge, wanda ya buga wa Brewster a 2012.

Duk da haka ba a sayar da tikitin shiga. 'Yan kallo kan zo da kujerunsu su zauna a kan ciyawa, su ba da gudummawar abin da ya sawwaƙa. Gasar Northwoods, da aka kafa a 1994, ta ɗauki wata hanyar, domin ƙungiyoyinta na 'yan kasuwa ne kuma da tikiti ake shiga.