Waiwaye: Kiɗan rock, daga Memphis zuwa Agadas

A watan Maris na 1951 wasu samari baƙaƙen fata suka taso daga garin Clarksdale na jihar Mississippi, suka nufi Memphis domin ɗaukar waƙa a sutudiyon Sam Phillips. Ike Turner ne shugabansu. An ce na'urar ƙara sautin jitarsu ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda aka yi aiki da ita a haka, sai jitar ta fito da wata irin murya mai kaushi. Waƙar ita ce "Rocket 88", kuma masana da dama na ɗaukarta a matsayin faifan rock and roll na farko. Wannan kaushin da aka samu bisa tsautsayi, shi ne daga baya makaɗa suka riƙa nema da kuɗinsu.

Kiɗan dai ya girmi wannan rana. Ya tsiro ne daga blues na jikokin bayi masu noman auduga, da waƙoƙin cocin baƙar fata, da kiɗan country na talakawan Turawan kudu. Tun a shekarun 1940 Sister Rosetta Tharpe ke rera waƙoƙin coci tana kaɗa jitar lantarki da salon da samari suka kwaikwaya daga baya. Amma Amurkar lokacin ƙasa ce ta wariya: makaranta daban, wurin zama a mota daban, hatta jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa daban. Wani mai gabatar da shiri a rediyon Cleveland, Alan Freed, ya fara sanya wa yaran Turawa faifan baƙar fata a 1951, ya kuma yayata sunan rock and roll. Taron rawar da ya shirya a Maris na 1952 sai da hukuma ta dakatar da shi saboda cunkoso.

A nan ne tarihin ya fi ciwo. Elvis Presley ya shiga sutudiyon Phillips a Yulin 1954, ya rera "That's All Right", waƙar da Arthur Crudup ya yi tun 1946. Elvis ya zama sarki, Crudup kuwa ya rasu a 1974 yana ta fafutukar karɓar haƙƙinsa. Big Mama Thornton ce ta fara fitar da "Hound Dog" a 1953, amma duniya ta san ta Elvis ta 1956. Little Richard ya saki "Tutti Frutti" a 1955, Pat Boone ya maimaita ta a sanyaye, tasa ta fi hawa sama a jadawali. Ba a musun baiwar Elvis, kuma shi kansa bai ɓoye inda ya koyo ba. Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma duk tarihin rock da ya tsallake wannan batu bai cika ba. Chuck Berry, wanda ya fito da "Maybellene" a 1955 daga kamfanin Chess na Chicago, shi ya shimfiɗa yadda ake sa jita ta yi jagora a waƙa.

Zangon farko ya ƙare da wuri. Little Richard ya koma wa'azi a 1957, an ɗauki Elvis aikin soja a 1958, sannan ranar 3 ga Fabrairun 1959 jirgin sama ya faɗi a jihar Iowa da Buddy Holly da Ritchie Valens da Big Bopper.

Farfaɗowar daga Ingila ta zo. Yaran Liverpool da Landan sun riƙa farautar faifan blues da Amurkawa suka yi watsi da su. 'Yan ƙungiyar Rolling Stones ta Landan daga waƙar mawaƙin blues Muddy Waters suka ciro sunansu. Ranar 9 ga Fabrairun 1964 kimanin mutum miliyan 73 suka kalli 'yan ƙungiyar Beatles ta Liverpool a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, kuma a watan Satumban shekarar suka ce ba za su hau dandamali a Jacksonville ba muddin za a raba 'yan kallo bisa launin fata. A 1965 Bob Dylan ya rataya jitar lantarki a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, wasu masoyansa da suka saba jinsa da jita marar lantarki suka yi masa ihu.

Jimi Hendrix ma sai da ya je Landan a 1966 kafin ƙasarsa ta san darajarsa. A bikin Woodstock na Agustan 1969, wanda ya tara mutum kusan 400,000, ya kaɗa taken Amurka da jita, ya sa ta yi kukan da mutane da yawa suka ji kamar ƙarar bama-bamai, a daidai lokacin da yaƙin Vietnam ke cin samari. Ya rasu a Satumban 1970 yana da shekara 27. A ganina, babu wanda ya faɗaɗa abin da jita za ta iya furtawa kamarsa.

Daga nan kiɗan ya yi rassa. Black Sabbath na Birmingham suka buɗe ƙofar heavy metal a 1970, punk ya ɓarke wajen 1976, tashar talabijin ta waƙoƙi MTV ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 1981. Ranar 13 ga Yulin 1985 aka yi Live Aid a Landan da Philadelphia domin tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Kundin Nevermind na Nirvana a 1991 ya sake girgiza kasuwa, kafin hip-hop da R&B su ƙwace kambun farin jini a Amurka a 2017.

Afirka ba 'yar kallo ba ce a wannan tafiya. Bayan yaƙin basasa, Legas ta samu ƙungiyoyin rock irin su BLO da Ofege, makaɗin gangar Ingila Ginger Baker ya yi aiki da Fela Kuti, Paul McCartney na Beatles kuma a Legas ya ɗauki mafi yawan kundin Band on the Run a 1973. A Sahara, matasan Abzinawa da fari da gudun hijira suka kora Aljeriya da Libiya sun ɗauki jitar lantarki suna rera kewar gida. Tinariwen na Mali suka samu kyautar Grammy a 2012. Bombino na Agadas ya ɗauki kundin Nomad a Nashville ta Amurka, aka fitar a 2013. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, waƙoƙinsa sun fara yaɗuwa ne daga waya zuwa waya ta katin memori. Kundinsa Afrique Victime na 2021 ya shiga jerin fitattun kundayen shekarar a manyan mujallun kiɗa na Amurka, kuma yau yana cika zauruka a Turai da Amurka da salon da aka saba ji a bukukuwan aure na Agadas.