Tangarɗar NULL wajen jera bayanai a manhaja mai asusu da yawa

NULL alama ce da rumbun bayanai yake sawa a gurbin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ba sifili ba ce, ba kuma rubutu fanko ba, abin da take nufi kawai shi ne "ba a sani ba". Edgar F. Codd na kamfanin IBM, mutumin da ya fito da tsarin ajiye bayanai tebur-tebur a 1970, shi ne ya shigo da ita cikin tsarin. Tunda ba a san ƙimarta ba, in ka tambayi SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ko NULL daidai take da wata NULL ba zai ce maka e ba, ba zai ce a'a ba, amsar ita ma "ba a sani ba" ce. To abin da ba ka san girmansa ba, ina za ka sa shi in ana jerawa daga ƙarami zuwa babba? Nan ne rigimar take.

Ƙa'idar SQL ba ta yanke hukunci a kai ba, ta bar wa kowane rumbu ya zaɓa, su kuma suka rabu gida biyu. PostgreSQL da Oracle suna ɗaukar NULL a matsayin ta fi komai girma, don haka in an jera daga ƙasa zuwa sama tana zuwa ƙarshe, in an juya kuma ita ce a gaba. MySQL da SQLite da SQL Server akasin haka suke yi. Shi ya sa mutum zai gwada manhajarsa a kan SQLite a kwamfutarsa komai lafiya lau, ana ɗora ta a saba (babbar kwamfutar da ke yi wa masu amfani hidima) mai PostgreSQL sai jerin ya kife, alhali ko harafi ɗaya bai canza ba.

A manhajar da mutum ɗaya ke haɗa asusu biyu ko uku, kamar ta imel, abin ya fi yawan faruwa bayan sabuntawa. Masu manhajar sun ƙara sabon gurbi a teburin asusu don riƙe matsayin kowanne a jeri, sababbin asusu suna samun lamba, tsofaffin kuwa da aka buɗe tun kafin sabuntawar babu wanda ya cike musu, sai su zauna da NULL. Mai amfani ya ja asusunsa na aiki ya kai sama, ya rufe ya buɗe, ya tarar wani tsohon asusu ya haye kansa. Akwai ma wani tarko da ya fi wannan wayo: yawanci ana ba sabon asusu lamba ne da MAX na gurbin, wato lambar da ta fi girma a cikinsa, a ƙara 1, amma in duk layukan NULL ne ko teburin babu komai, MAX ɗin zai dawo da NULL ne, NULL a ƙara 1 kuma NULL ce, wato cutar tana haihuwar kanta kenan. Haka ma akwatin da ke haɗa saƙonnin duk asusun wuri ɗaya, saƙon da aka rubuta ba a tura ba ba shi da ranar turawa, a PostgreSQL sai ka gan shi ya kafe a saman sababbin saƙonni.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a faɗa wa rumbun inda ake so a kai su. Ƙa'idar SQL ta 2003 (SQL:2003) ta kawo NULLS FIRST da NULLS LAST da ake rubutawa bayan ORDER BY, umarnin jerawa. Oracle na da su, PostgreSQL ya karɓa a sigar 8.3 ta 2008, SQLite sai a 3.30.0 a 2019, abin lura ga manhajar waya da ke dogaro da tsohon SQLite na cikin na'ura. MySQL da SQL Server ba su da su. A MySQL ana rubuta ORDER BY matsayi IS NULL, matsayi saboda IS NULL yana ba da 1 ko 0, a SQL Server kuma sai da CASE. Wasu suna amfani da COALESCE su maye NULL da wata babbar lamba, yana aiki, sai dai gaskiya dabara ce ta kwana biyu, kuma tana iya hana rumbun amfani da fihirisar gurbin (jerin da ke hanzarta masa bincike), in teburin ya girma a ji jiki. A PostgreSQL ana iya gina fihirisar da DESC NULLS LAST ta dace da tambayar.

Wannan fa bai gama aikin ba, don layukan NULL duk kunnen doki suka yi, rumbun kuma bai ɗau alkawarin wanda zai riga wani ba, yau wannan gobe wancan. In ana nuna jerin shafi-shafi da LIMIT da OFFSET, layi ɗaya na iya fitowa sau biyu wani ya ɓace, dole a ƙara id, lambar shaidar kowane layi, a ƙarshen ORDER BY ya raba gardama. In kuwa shafi na gaba ana ɗauko shi ne da sharaɗin "ranar da ta gaza ta ƙarshe da aka gani", layukan NULL ba za su taɓa cika sharaɗin ba, sai an yi musu nasu da IS NULL.

Ga gurbin matsayi, inda NULL ba ta da wata ma'ana, a tushe ake gyarawa: a bi tsofaffin layuka a ba su lamba, kowane mai amfani da nasa lissafin daban don kar a cakuɗa asusun mutane, sannan a sa wa gurbin NOT NULL, a kuma naɗe MAX ɗin nan cikin COALESCE da 0. Ranar turawa kam a bar mata NULL ɗinta, saƙon da bai tafi ba ai ba shi da rana.