Masu jinya, ga amsoshinku, don Allah a bar kirana cikin dare

Ni nas ce a nan Legas, kusan kullum sai wani daga Agege ko Mile 12 ya kira ni da tambayoyin nan, to ga su sau ɗaya.

Me ya sa kowace nas sai ta sake tambayar sunan mara lafiya, ba ga kati ba?
Ɗaki ɗaya sai ka tarar da Aisha biyu. Ka amsa kawai.

Mu faɗa wa likita mun ba shi jiƙo a gida?
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai yi faɗa ya gama, ku kawo har kwalbar.

Baba ba ya jin Turanci ko Yarabanci, ya za mu yi?
Ku hana shi gyaɗa kai kan abin da bai gane ba, wannan ɗabi'ar tana cutar da mu wallahi. A nemo mai fassara, in LUTH ne ma, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ai unguwar da yake, Idi-Araba, cike take da Hausawa.

Kafin tiyata suna ta tambayar wace ƙafa ce, ba su san aikinsu ba ne?
Sun sani. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ne tun 2008, abu 19 ake bi ɗaya bayan ɗaya. Kwantar da hankalinka.

Nas ta zo da allura cikin dare, ni kuma na ji likita da safe ya ce a tsayar da ita. In hana?
To nan ne da wuya. Ba zan ce ka hana kai tsaye ba, don wata ƙila likita ya sake shawara da rana ya rubuta a folda ba ka nan, wani maganin kuma jinkirinsa ma haɗari ne. Amma kar ka yi shiru, don lokacin da masu aikin yamma ke miƙa wa na dare nan magana ta fi faɗuwa a ƙasa, ni kaina na taɓa karɓar aiki aka manta ba a gaya min wata mata jikinta ba ya karɓar wata allura ba, 'yarta ce ta riƙe min hannu. Ka ce mata sista don Allah a duba folda, ga abin da likita ya faɗa da ƙarfe kaza. In ta duba ta nuna maka, shi ke nan. In ta ƙi, ko rubutun bai fito ba, nemi babbar nas ko likitan da ke kwana. Ban da ihu, ban da "kin san ko ni waye".

Ba za su tsane mu ba in muna yawan tambaya?
Wata za ta haɗe rai, eh. Tambaya dai.