Makullan Lantarki a Gine-ginen Jami'a: Me Za a Duba Kafin a Saya?

Daga ina ake farawa?

Daga ƙofofin kansu, tun kafin a kira dillali. A zagaya da takarda a rubuta kowace ƙofa: su wa ke shiga, mutum nawa a awa ɗaya, ta katako ce ko ta ƙarfe ko gilashi, kuma hanyar tsira ce idan gobara ta tashi ko a'a. Ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai da ɗaruruwa ke bi kullum ba ɗaya take da ta ɗakin ajiye takardun jarrabawa ba, don haka bai kamata a sa musu makulli iri ɗaya ba.

Idan aka ɗauke wuta, ƙofar za ta buɗe ne ko za ta kulle?

A wurinmu wannan ce babbar tambaya. Makullin maganaɗisu da wuta yake riƙe ƙofa; wuta na yankewa, ya saki. Wanda aka fi sayarwa yana da ƙarfin riƙo na kusan kilo 280, babbansa kuma sama da kilo 500. Shi kuwa maƙalin lantarki da ake sakawa a cikin firam, akwai irinsa da ke zama a kulle idan ba wuta, amma na ciki zai murɗa hannun ƙofa ya fita abinsa. Wannan ya fi dacewa da ɗakin sabar kwamfuta, ma'ajiyar sinadarai da ofishin jarrabawa.

Inda aka sa maganaɗisu a zauren lacca ko mashigar ɗakin kwana, dole a haɗa shi da ƙararrawar gobara, a kuma sa maɓallin gaggawa a ciki wanda ke katse wutar makullin kai tsaye, ba ta cikin manhaja ba. Ƙofar da za ta tsare ɗalibai a cikin hayaƙi ta fi ɓarawo haɗari.

Batir nawa ake buƙata?

Maganaɗisu mai aiki da wutar volt 12 yana jan kusan rabin amfa (ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja) dare da rana. Idan aka ƙara na'urar karanta kati da akwatin sarrafawa, wato wanda ke ba ƙofa izinin buɗewa, abin ya kusa amfa 1. Batir mai 7Ah (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) da ake yawan sakawa a akwatin zai kai awa 5 zuwa 6 yana sabo, kuma zafi na cinye shi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin tsawon rayuwar batir ɗin dalma. Da irin zafin watan Afrilu, batir ba zai daɗe ba a akwatin da aka maƙala ƙarƙashin rufin kwano. Gara a ɗora makullan a kan inbata ko sola, a kuma sa na'urar kare tashin wuta, domin lokacin sauyawa zuwa janareta ne allunan lantarkin cikin akwatin ke yawan ƙonewa.

Kati, zanen yatsa ko wayar hannu?

Kati ya fi sauri a ƙofa mai cunkoso, amma ba kowane kati ba. Katin da ake kira 125 kHz lambarsa kawai yake aikawa, ana kwafarsa cikin daƙiƙoƙi da na'ura mai arha. Katin MIFARE Classic ma an fasa sirrinsa tun 2008. A nemi katin DESFire EV2 ko EV3 mai sirrin AES, wato tsarin ɓoye bayanai mai ƙarfi, a kuma tabbatar na'urar tana karanta ɓangaren da aka rufe da sirri. Masu haɗawa da yawa suna barinta tana karanta lambar katin zalla, sai tsadar ta tashi a banza.

Zanen yatsa yana hana aron kati, sai dai a lokacin hunturu yatsu kan bushe su tsage, ƙura ta rufe gilashin, layi ya taru. A bar shi ga ƙofofi kaɗan masu muhimmanci. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa shi cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, saboda haka a san inda ake ajiye shi da wanda ke gani. Buɗe ƙofa da wayar hannu kuma a bar wa ma'aikata. Ba kowane ɗalibi ke da waya mai NFC ba, wato fasahar da ke sa waya ta yi aikin kati, ga matsalar caji.

Wane kebul za a ja?

Tsakanin na'urar kati da akwati a zaɓi tsarin sadarwa na OSDP maimakon na Wiegand. Wiegand ba shi da sirri, kuma bai wuce mita 150 ba. OSDP yana kaiwa mita 1,200 kuma yana sanar da ofis idan an yanke kebul. Akwatin a sa shi a cikin ɗakin da ake karewa, na'urar waje kuma ta zama mai matakin kariya na IP65 saboda ruwa da ƙura. Ya kasance akwatin yana riƙe jerin sunaye a cikinsa, ko sadarwa ta katse ƙofa ta ci gaba da aiki.

Me ke kashe tsarin bayan shekara ɗaya?

Yawanci ƙofar ce. Hinji ya saki, farantin ƙarfe ya daina mannewa da maganaɗisu, ko a sa dutse a tokare ta saboda zafi. Maganinsa na'urar mayar da ƙofa mai ƙarfi, da firikwensin da zai yi ƙara idan ta wuce daƙiƙa 30 a buɗe. Sai jerin sunaye: idan ba a haɗa shi da rajistar ɗalibai ba, katin wanda ya kammala ko aka kora zai ci gaba da buɗewa. A sa wa kowane kati ranar ƙarewa daidai da ƙarshen zangon karatu. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, jami'a ta karɓi kalmar sirrin shugaban tsarin, mabuɗan sirrin katunan da zanen yadda aka ja kebul, sannan a kashe wuta a gaban ɗan kwangila a gwada kowace ƙofa.