Bireka na faɗuwa, kun cire ta kun sa babba: ga masu kunna injin mainin a gida

Tun shigowar zafi abu guda muke ta tararwa a gidaje, daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa a nan Katsina. Soket ya yi baƙi ƙirin ya lanƙwashe, ɗaki na warin ƙonanniyar roba, ga injin mainin, wato na haƙar kuɗin kirifto, a kusurwa yana ihu kamar injin markaɗe. Ka buɗe akwatin bireka, sai ka ga an cire mai amfiya 20 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ne) an sa mai 63. Ka tambayi dalili, a ce maka ai yawan faɗuwa take yi.

To dama aikinta ke nan, ƙannena! Bireka ba injinka take gadi ba, wayar da ke cikin bango take gadi. In ta faɗi, tana gaya maka ne kayan sun fi ƙarfin wayar. Ka cire ta ka sa babba, wayar nan dai ita ce, ba ta ƙara kauri ba. Sai ta yi ta ɗaukar zafi a cikin silin inda babu mai gani, robarta ta bushe ta tsage, wata rana da tsakar dare ta kama.

Ba da masu mainin na latse-latse a wayar hannu nake ba, wannan ko caja ba ta damu ba. Da masu injin gaske nake, irin su Antminer. Ga lissafin, ba shi da wuya. Wutarmu bolt 230 ce. Soket mai baki uku da ke ɗakinka amfiya 13 ne iyakarsa, wato wat 2,990 in ka ninka. Antminer S19 Pro wat 3,250 yake ja, ya haura amfiya 14. Tun kafin a je ko'ina ya wuce ƙarfin soket ɗin. Kuma kun san yadda wuta ke yin ƙasa da magariba. In ta sauka zuwa bolt 200, injin ba ya rage ci, ƙara jan amfiya yake yi, ya haura 16.

Wani zai ce ai dutsen guga da hita ma suna ja, ba abin da ya faru. Dutsen guga yana ɗauka yana saki, hita minti kaɗan ne sai a kashe ta. Wannan injin kuwa muddin akwai wuta ba ya numfashi. Shi ya sa kayan da ke aiki ba tsayawa ba a ɗora musu fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin layi. Soket mai 13, kada ya wuce kamar 10. Bireka mai 20, kada ta wuce 16. Tsohon samfurin Antminer S9 mai wat kamar 1,400 zai zauna a soket guda lafiya, amma biyu a ekstenshan ɗaya, a'a.

Abin da ya fi ba ni takaici shagunan samari ne na ƙofar gida. Yawancinsu daga layin fitila aka jawo musu wuta, siririyar waya mai kaurin 1.5mm², don ƙwai ɗaya da fanka. A nan ake girke injin. S19 igiyoyin wuta biyu gare shi, sai a cusa su duka a ekstenshan na naira kaɗan, a shimfiɗa kafet a kai. Bireka ta faɗi sau uku, sai a kira yaron da ya ɗan taɓa koyon wayarin ya sa babba, ko ma ya cire fis ya naɗe wurin da wayar tagulla. Haba! Bayan wannan bangon fa ɗakin Hajiya ne da ƙananan yara.

Na san kuɗi kuka zuba, ba kuma wanda ya hana ku nema. Amma in za a yi, ga yadda ake yi:

Inji ɗaya, layinsa daban tun daga akwatin bireka, ba firij ba AC a kansa.
Waya mai kaurin 4mm², tagulla zalla. Ku kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, ku mayar.
Bireka mai 20, ba 32 ba, ba 63 ba. A haɗa da mai tsinke wuta idan ta zube, ta miliamfiya 30.
Kowace igiya da soket ɗinta a bango. Babu ekstenshan.
A tabbatar wayar ƙasa na aiki, jikin injin ƙarfe ne.
Bayan awa ɗaya da kunnawa ku taɓa filogi da bayan hannu. In ya yi zafin da ba za ku iya barin hannu a kai ba, ku kashe.

Ku kuma duba adadin amfiya da aka rubuta a jikin mitarku kafin ku yi tunanin ƙara inji na biyu, don duk gidan ta nan yake sha. Zafin Afrilu da Mayu a Katsina yana haura digiri 40, waya kuwa ƙarfinta raguwa yake yi a cikin zafi, balle wadda ke kwance ƙarƙashin kwanon rufi. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe fankokin injin, a riƙa hure ta bayan an cire filogi.

Batun kuɗin wuta ma ku lissafa: wat 3,250 na awa 24 yunit 78 ke nan. A farashin Band A, rukunin da aka fi ba wuta, wanda ya haura naira 200 tun 2024, sama da naira 15,000 a rana. Nan ne shaiɗan ke raɗa wa wasu su zagaye mita. Laifi ne, kuma haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif shi ne ya fi saurin kamawa.

Iyaye, ku shiga shagon nan ku duba. In kun ji warin roba ko kun ga soket ya sauya launi, a kashe daga babban makunni, a kira ƙwararren mai wayarin. In wuta ta riga ta kama, kada a watsa ruwa sai an tsinke wutar gidan gaba ɗaya. A fitar da yara tukuna, a kira 'yan kwana-kwana. Kuma don Allah, birekar nan da aka cire aka jefa a durowa, a mayar da ita yau.