Ma'anar bayosafaktan, sabulun da bakteriya ke yi

Duk wanda ya taɓa wanke kwanon miyar manja ya san ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo sai an haɗa da sabulu. Dalili shi ne sinadarin sabulu yana da kai mai kama ruwa da jela mai kama mai. Duk sinadarin da ke da wannan siffa masana na kiransa safaktan, idan kuma halitta mai rai irin bakteriya ce ta samar da shi, sai a ce bayosafaktan.

Ɗaya daga cikin bakteriyar da suka fi suna a wannan fanni ita ce Bacillus subtilis, mai zama cikin ƙasa, kuma ita ce kan gaba wajen mayar da kalwa daddawa. Tana fitar da manyan bayosafaktan iri uku: safaktin, wanda masana a Japan suka bayyana a 1968, da iturin, wanda ya samo sunansa daga yankin Ituri na Kwango, da kuma fenjisin.

Abin da ya jawo hankalin masana aikin gona shi ne fatar da ke lulluɓe da ƙwayar fumfuna da maiƙo aka gina ta. Iturin yakan cusa jelarsa cikin wannan fata ya huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. A farantin gwaji ido na ganin haka ƙarara, domin farin zaren fumfunar yakan mamaye ko'ina, amma ya bar fili fayau kewaye da inda aka ɗiga bakteriyar. Ta haka ake daƙile fumfuna irin su Botrytis, mai yi wa tumatir da inabi ruɓa mai launin toka, da Fusarium, mai toshe hanyoyin ruwan shuka har ta yi yaushi. Safaktin shi kaɗai ba shi da ƙarfi sosai a kan fumfuna, amma yana taimaka wa bakteriyar ta bazu a jikin saiwa, yana kuma zaburar da garkuwar shukar kanta.

A ganina babbar darajar waɗannan sinadarai ita ce suna narkewa a ƙasa da wuri, ba sa daɗewa kamar yawancin magungunan feshi. Sai dai tace su yana da tsada, kuma abin da ya yi kyau a faranti ba kullum yake yin haka a gona ba, inda rana da ruwan sama ke rage masa ƙarfi. Shi ya sa aka fi sayar wa manoma bakteriyar da ranta, kamar a maganin Serenade, domin ta riƙa yin sinadarin a jikin ganye da saiwa.